Hannun Zare da Ƙashin da ke Cikinsa

Ƙannena samarin Birnin Gwari, na cikin gari da na Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da Kakangi da sauran garuruwan bakin daji, magana ce da ni a kan dambe da kokawa, kuma ku kwantar da hankalinku, ba hana ku na zo yi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda kalangu ke motsa jinin saurayi idan kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, ga farin wata. Shekarun da aka kwashe ana gudun 'yan bindiga sun kashe dandali a wurare da yawa, domin wanda bai san inda zai kwana ba, ba ta abokin karawa yake yi ba. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekara da shekaru a rufe, mutane suka fara komawa gonakin da suka bari, Allah ya ɗorar mana da zaman lafiya. To inda shanu suka dawo mahauta na nan tafe, dambe kuwa tun fil'azal gadon mahauta ne. Ga waya a hannun kowa, kuna kallon wasan Kano da na Dei-Dei da na Marabar Nyanya, kun haddace 'yan Kudu da 'yan Arewa da 'yan Guramada, har gardama kuke yi a majalisa kan wanda ya fi wani hannu. Na san za ku yi. Abin da nake so shi ne ku shiga fili kuna sane da abin da wasan ke yi wa ƙashinku, mai kyau da marar kyau.

Yawancinmu ƙashin da muka sani shi ne wanda aka tsotse aka yar, ya bushe ya yi fari, shi ya sa muke ɗauka abu ne da aka ƙera sau ɗaya aka gama. Ku tsaya wurin mahauci ranar kasuwa ku ga ya sara ƙashin cinyar sa ɗanye. Ga ɓargo, ga jini na tsattsafowa ta wasu ƙananan ƙofofi, ga wata siririyar tantani lulluɓe da shi. Ƙashi rayayye ne, yana ci yana sha. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma a cikin kowanne akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ba sa hutawa: wasu na cinye tsohon ƙashin da ya gaji, wasu na biye da su suna zuba sabo. Ta haka ake sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashin babban mutum duk shekara. Wani likitan fiɗa Bajamushe, Julius Wolff, ya rubuta a 1892 cewa ƙashi na sake fasalinsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, inda ake matsa masa ya yi kauri, inda aka bar shi ba aiki ya sirance. Zamani ya gaskata shi. 'Yan sama jannati da ke zama a tashar sararin samaniya, inda jiki ba shi da nauyi, sukan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙashin kwatangwalonsu duk wata, alhali lafiyarsu lau, abinci ma bai yanke musu ba. Haka abin yake ga majinyacin da ya daɗe a kwance.

Don haka in aka tambaye ni ko wasannin ƙarfi na gina ƙashi, sai in ce ƙwarai kuwa. A 2001 wasu masu bincike a Italiya sun auna ƙashin 'yan judo da 'yan karate da masu ƙwallon cikin ruwa, suka gwada da na samarin da ba sa wasan komai. 'Yan judo da 'yan karate suka fi kowa cikar ƙashi. Masu ƙwallon ruwa, duk da faɗin ƙirjinsu da damatsansu, ba su kamo su ba, don ruwa ne ke ɗauke musu nauyin jiki. Judo kuwa in ka cire rigar da ɗamarar ai kokawa ce. Ka kama mutum ka ja, shi ma ya ja, ka kafa ƙafa a ƙasa ka ɗora nauyinsa a kan naka, ka murɗa ƙugu, ya turo ka ta inda ba ka zata ba. Irin nauyin da ƙashi ke amsawa ke nan, mai ƙarfi, na ɗan lokaci, yana zuwa ta kowace fuska.

Shi ya sa da za a bi tawa, yaro da kokawa zai fara, ya daɗe a cikinta kafin a yi maganar zare. Tana aiki da ƙafa da ƙugu da gadon baya da kafaɗa gaba ɗaya, a kan rairayi ake yin ta, kuma ba a taɓa fuska. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, dambe kuwa malamai sun daɗe suna magana a kansa saboda dukan fuska. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ba kokawa darajarta. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa suke haɗuwa jiha-jiha, har irin su Issaka Issaka na Dosso suka zama sunan da ƙaramin yaro ke kamawa a rediyo. Mu ne muka bar ta ta koma wasan yara, muka ɗauka sai an ga jini ake zama namiji.

Sai dai ginin ƙashi yana da lokacinsa. A 1995 an yi bincike a Finland a kan mata 'yan wasan tanis, su ma da hannu ɗaya suke bugu irin ɗan dambe. Aka tarar ƙashin hannun da ke riƙe abin bugu ya fi na ɗaya hannun cika, kuma ratar ta ninka sau biyu ko fiye ga waɗanda suka fara wasan kafin su balaga. A Kanada kuma an bi wasu yara shekara da shekaru ana auna su, aka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashin da mutum zai rayu da shi cikin shekara biyu kacal ake zuba shi, wajen shekara 12 da rabi ga 'yan mata, wajen 14 ga maza. Ƙashi rumbu ne da ake cikawa a kaka ɗaya. Daga shekara 10 zuwa 20 ake yawancin zubin, a ƙarasa ciko kafin 30, daga nan sai ɗiba har ƙarshen rayuwa. Motsa jiki bayan nan yana rage saurin ɗibar, amma wanda ya shiga girma da rumbu rabi, da rabin zai yi ta maneji. Ku da kuke tsakanin 12 da 20, yanzu ne naku.

Ƙannena mata, maganar ta fi shafarku, don ƙashin mace na saurin zubewa bayan al'ada ta ɗauke, ga goyon ciki da shayarwa da ke jiran yawancinku. Ba sai kun shiga fili ba. Gaɗa da tsallen igiya da 'yar gala-gala da guje-guje a makaranta duk aikin ƙashi ne, kamar yadda langa take ga maza. Iyaye su daina ganin tsalle-tsallen yarinya 'yar shekara 11 a matsayin rashin natsuwa.

Ga inda abin ya fi damuna. Ku da kuke 15 zuwa 20 a yau, lokacin zubinku ya faɗo a shekarun da gona ta gagari zuwa, Fulani suka daina shigo da nono yadda aka saba, gidaje da yawa suka koma tuwon masara da miyar da ta samu. Ƙashi kuwa da sinadarin kalsiyam ake gina shi, masara da dawa da shinkafa kuma ba su da shi sai ɗan kaɗan. A 1999 Dokta Thomas Thacher da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a Jos a kan yaran da ƙafarsu ta gwame ko ta yi baka. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ke kawo wannan ciwo, don rana ce ke sa fata ta samar da bitamin D. Mu kuwa rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. Sai suka gano yaran Jos kalsiyam ɗin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kacal a yini, kuma da aka ba su kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Likitocin Amurka sun ce matashi mai tasowa miligiram 1,300 yake bukata a yini. Ku dubi nisan da ke tsakani. Daga baya waɗannan masu binciken sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki.

Maganin na nan a kasuwarmu. Babban kofin nono ɗaya na ɗauke da wajen miligiram 300. Kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar ya fi aminci a kan ɗanyen nono. Miyar kuka da muke rainawa tana cikin abin da ya fi kowane ganye kalsiyam, ga zogale, ga rama, ga riɗi, ga ƙananan kifin nan da ake taunewa duka. Wake da ƙwai da ƙuliƙuli da nama in ya samu su ke gina tsokar da ke jan ƙashin. Saurayin da ya samu kuɗin liƙi a fili ya kashe su a lemon gwangwani mai sa kuzari, ya kwana da gari da sukari, ya cuci hannunsa. Ya nemi fura da nono, ya kai wa mahaifiyarsa kuka da kifi.

Masu zuwa ramin zinariya, ku ma ku saurara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a 2015 ta sake ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi, nan kusa da mu a jihar Neja, duk daga niƙan dutsen zinariya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ta shiga jikin baligi a ƙashi da haƙori take zama, ta yi gomman shekaru a wurin. Ba kowane dutse ke da ita ba, amma ido ba ya rarrabewa. Kada a niƙa dutse a cikin gida, kada a ci abinci da hannun aiki, kayan rami su tsaya a rami.

Yanzu ga abin da nake roƙonku ku bari. Ana ganin samari a bayan gari sun tasa gindin doka ko kaɗanya a gaba suna ta narka masa naushi, wasu bangon siminti, wasu buhun yashin da ya sha ruwa ya daskare. Masu kwaikwayon 'yan wasan ƙasashen waje har kwalba suke murzawa a sangalin ƙafa. Wai ƙashi ya tsage, ya warke, ya fi da ƙarfi. Abin da ke faruwa shi ne fata ta yi kanta, jijiyar da ke kai saƙon zafi ta dakushe, sai yaro ya daina jin ciwo ya ɗauka hannunsa ya zama ƙarfe. A can ciki kuwa guringuntsin gaɓa ne ke goguwa, shi kuma in ya tafi ba ya dawowa yadda yake.

Akwai wani abu a aikin ƙashi da ya kamata kowane ɗan wasa ya riƙe. Ƙwayoyin da ke cinye tsohon ƙashi cikin 'yan makonni suke gama nasu, masu zuba sabo kuwa sai sun yi wata uku zuwa huɗu. Wato idan ka ƙara wa jikinka aiki farat ɗaya, akwai tsakanin da ƙashin ya fi da rauni, an rarake ba a cike ba. In ka ci gaba da dukansa a wannan tsakanin, ƙananan tsaga sai su haɗu su zama babba. Tun 1855 wani likitan sojan Jamus ya bayyana irin wannan a ƙafafun sojojin da ke doguwar tafiya, kuma har gobe ana ganinsa ga kuratan soja a ko'ina. Alamarsa ciwo a wuri ɗaya tak, wanda za ka iya ɗora kan yatsa ka ce nan ne, yana ƙaruwa in kana motsa jiki, daga baya har da dare ya hana ka barci. Wanda ya ji haka ya tsaya. Da yawanku kun ga bidiyon Conor McGregor a watan Yulin 2021, yadda ƙafarsa ta karye ta lanƙwashe a karawarsa da Dustin Poirier. McGregor da bakinsa ya ce ya shiga wasan da tsaga a ƙafar. Kafin shi Anderson Silva na Brazil ya karya sangalinsa a Disamban 2013 da ya kai shuri ya haɗu da gwiwar Chris Weidman. Mutane ne da suka shekara suna horar da ƙafa, ga likitoci kewaye da su, ƙashi bai ɗaga musu ƙafa ba. Balle kai da za a ɗauko ka a kan babur daga Randagi.

Horon da ke gina ƙashi ba shi da wani asiri. A cika buhu da tsumma ko buntun shinkafa, a ɗaure hannu kafin a doke shi. A yi gudu da tsalle da ɗaga nauyi da kokawa. A ƙara aiki sannu-sannu, mako bayan mako. Gwaje-gwaje sun nuna ƙashi ya fi amsa gajeren aiki mai ƙarfi da hutu a tsakani, a kan dogon aikin da ba a tsayawa, don bayan ɗan lokaci ƙwayoyinsa sukan daina jin kiran sai sun huta. Ranar hutu da isasshen barci suna cikin horo.

Yara kuma nasu daban ne. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi, daga nan tsawo ke fitowa, kuma ba ya rufewa sai wajen shekara 16 zuwa 18 ga maza. Wurin ya fi jijiyoyin da ke riƙe gaɓa rauni, don haka faɗuwar da za ta yi wa babba targaɗe, yaro karaya za ta yi masa a daidai nan. In ba a gyara daidai ba hannun na iya tsayawa da girma ko ya fito a karkace. Wani abin kuma, tsawo na riga cikar ƙashi zuwa. Yaron da ya miƙe bana, wandonsa ya ɗage, murya ta fashe, kowa na cewa ya zama ƙato, a lokacin ne wuyan hannunsa ya fi saurin karyewa. Damben gargajiya bai san awon nauyi ba, bai san shekaru ba, kiɗa ne da kirari da zuga. Ɗan shekara 15 ya ji an wasa shi, ya taka ya nemi mai shekara 25. Ƙanina, in aka ce ka sa zare da wanda ya girme ka nesa, ka ce ba yau ba. Manyan da kake gani a waya duk sun yi shekaru suna riƙe wa iyayen gidansu ruwa da zare kafin a san sunansu.

Mu dawo kan hannu, tunda shi ne jarin ɗan dambe. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu ƙasusuwa 27 ne, ƙanana, sirara, an yi su domin riƙo da damƙa. Ku lura da gwani in yana ɗaure hannu. Yakan shimfiɗa ƙyalle tukuna, a dunƙule yatsu, sai a bi da zare zagaye bayan zagaye, ana ja ana dannawa da babban yatsa, har ya haura wuyan hannu, hannun ya koma dunƙule guda. Amfanin wannan ɗauri ga mai shi shi ne ya haɗe ƙananan ƙasusuwan nan wuri ɗaya, ya hana wuyan hannu lanƙwashewa lokacin da naushi ya sauka. Wanda ya bar wuyan hannu a sake ya yi ɗaurin banza. Wanda kuma ya matse har yatsu suka mutu, ya zauna da shi tun la'asar yana jiran turminsa, ya hana jini hanya. Naushin dambe a kewaye yake zuwa, sau da yawa gefen ƙaramin yatsa ne ke fara isa, a kan goshi ko gwiwar hannun abokin karawa. Ƙashin bayan hannu da ke ɗauke da ƙaramin yatsa shi ya fi karyewa, har likitoci na kiran abin karayar ɗan dambe.

Na san wani dattijo mahauci da ya yi tashe a zamaninsa. In ya dunƙule hannun dama, tudun ƙaramin yatsa babu shi, ya lotsa ciki, yatsan kuma ya hau kan na kusa da shi. Ya ce a turmi na biyu ya ji ƙas, ya ƙarasa na uku a haka don kada a ce ya gudu, aka shafa masa man shanu aka ja, bayan kwana goma sha ya koma fili. Yau in hunturu ya shigo wuƙa ba ta zama a hannunsa, yaransa ke yi masa fiɗa. Lotsawar ba ita ce babbar matsala ba, da yawa na rayuwa da ita lafiya. Murɗewar da ta sa yatsa hawa kan ɗan'uwansa, ita ce abin da ya kamata a gyara tun a makon farko.

Hannun garkuwa, wanda ba a ɗaura masa zare, shi ma yana da nasa. Wanda aka kai ƙasa yakan tokare da tafin hannu, a nan wani ɗan ƙaramin ƙashi da ke gindin babban yatsa ke karyewa. Kumburinsa kaɗan ne, sai a ce targaɗe ne a wuce. Ka miƙe babban yatsanka za ka ga wani ɗan rami a gefen wuyan hannu. In ka faɗi, ka danna ramin nan ka ji zafi, ka nemi asibiti. Jini ba ya isar wannan ƙashi sosai, in aka bar shi yana motsi sai ya ƙi haɗewa, wani ɓangarensa ya mutu, bayan shekaru wuyan hannun ya ƙage. Wani lokaci hoton farko ba ya nuna karayar, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14, don haka in likita ya ce ka dawo, ka koma. Haka kuma in kun yi wasa da hannu tsirara haƙorin wani ya huda maka kan gaɓar yatsa, kada ƙanƙantar ciwon ta ruɗe ka. Ƙwayoyin cutar baki sun shiga gaɓa ke nan, cikin kwana biyu hannu na iya yin ruwa. A wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a je asibiti ran nan. Maganar kai kuwa ta wuce ta ƙashi. Wanda ya suma ko ya tashi yana layi, wasansa ya ƙare a ranar, in amai ko barci mai nauyi ya biyo baya a garzaya da shi.

Zafi ɗan aike ne, shi ke gaya maka wani abu ya lalace. Taramol kashe ɗan aiken take yi, ta bar ka kana ta narka karyayyen hannu a jikin mutum, ban da farfaɗiyar da take jawowa da kamun da ke hana mutum rabuwa da ita. Ƙwayar sha-ka-fashe da wasu ke sha don su yi jiki a gan su ƙatta, yawanci deksametason ce a ciki, tana cikin magungunan da suka fi cinye ƙashi, har takan kashe kan ƙashin kwatangwalo saurayi ya koma ɗingishi. Taba na rage jinin da ke isa wurin karaya, mashayinta ya fi daɗewa bai warke ba. Ban zo gardamar laya da kambu ba, amma tsagar da ake yi a hannu da reza ɗaya ga mutum biyar hanya ce ta ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Mai sikila kuwa, ƙashinsa na fama da toshewar jini tun asali, ya nemi shawarar likitansa kan motsa jikin da ya dace da shi, dambe ba nasa ba ne.

In karaya ta auku, mu a wajen mai ɗori muke fara sauka, kuma na san dalili. Yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, gado ne a gidansu, hanyar Kaduna kuma ta fi kilomita 100, ga shekarun da bin ta ma sai da rakiya. Masu ɗori da yawa sun san aikinsu, karaya mai sauƙi takan haɗe a hannunsu. Amma hannu ba ya ganin cikin nama. Ku fara zuwa babban asibitin gari a ɗauki hoto, masu ɗori na ƙwarai ma yanzu sukan nemi ganinsa. Karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ke bakin gaɓa, da ta gwiwar hannun yaro, da ta cinya, da ta muƙamuƙi, waɗannan na asibiti ne kai tsaye. In ta fi ƙarfin nan, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Babban haɗarin ɗori shi ne matsi. An jera kara an ɗaure tamau, hannu ya kumbura a ciki bai samu wurin buɗawa ba, jini ya tsaya. Ku riƙe alamomin: ciwo na ƙaruwa maimakon ya lafa, yatsu sun yi sanyi, ko sun yi fari fat ko baƙi, ba ka jin taɓi, in aka miƙar da yatsa ka ji kamar ranka zai fita. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, kada kuma ya saurari mai cewa magani ne ke aiki. A sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, don tsoka ba ta jure rashin jini fiye da 'yan sa'o'i. Likitocin ƙashi a arewa sun sha yanke hannun yara a kan karayar da ba ta kai ta kawo ba, saboda ɗaurin da ya kwana uku a matse.

Ƙashin bayan hannu na neman mako 4 zuwa 6 kafin ya haɗe, na gindin babban yatsa mako 6 zuwa 12, sangalin ƙafa wata 3 zuwa 6. Haɗewa kuma daban, iya ɗaukar naushi daban, sai an ƙara wasu makonni. Tudun da kake ji a wurin karaya sabon ƙashi ne da bai gama nuna ba, jiki zai share shi a hankali, wurin ya koma daidai da sauran, bai fi su ba. Kafin ka sake ɗaura zare, ka tabbata kana dunƙule hannu har ƙarshe, kana matse abu da ƙarfin ɗaya hannun, ka danna wurin ba zafi, ka yi makonni kana dukan buhu mai laushi ba ka kwana da kumburi ba.

Na san abin da ke mai da yaro fili da ɗanyen hannu: yunwa ce da gori. Nan ne nake kira ga iyayenmu sarakunan dambe da sarakunan fawa da masu shirya wasa. A cikin kuɗin ƙofa a ware wani abu na hoto da magani da abincin wanda ya ji ciwo har ya warke. A share fili a zuba rairayi, a tsince duwatsu. A haɗa yara da sa'o'insu a shekaru da jiki. A samu ma'aikacin lafiya ko ɗaya ne a bakin fili, da babur ko mota a shirye. Alƙalin wasa kuma in ya ga ɗan dambe ya sauke hannun zare yana ɓoye shi a bayansa, ya raba wasan ya sa a kwance a duba, ko da makaɗa ba su so ba.